Ɗakina da Malam Ya Rushe Don Ruwa Ya Wuce

Da azumin bana maigidana ya cika shekara goma sha tara da rasuwa. Ban kira sunansa yana raye ba, ba kuma zan fara yanzu ba. A unguwarmu Malam Safiyo ake ce masa, wato mai awon filaye, ko da yake shi yakan ce safiyon gaske yana Sakkwato, shi mai jan sarƙar awo ne da aka sakar wa aiki. Duk shekara 'ya'yana sai sun ce in rubuta wani abu a kansa, tunda na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu. Bana na yarda, amma na ce musu ba kuka zan rubuta ba. Mutumin nan ya sa ni dariya fiye da yadda ya sa ni kuka, duk da cewa a labarin da zan bayar na yi kukan har na ƙoshi.

An ɗaura mana aure bayan yaƙin basasa da kaɗan, ina sabuwar malamar firamare. Lokacin Kontagora cika take yi kullum. Ga sojojin da suka dawo, ga direbobi da 'yan kasuwa, ga manoma daga Salka da Ibeto da Rijau da ke son 'ya'yansu su kusanci makaranta da asibiti. A cikin gari iyali guda kan cushe a ɗaki ɗaya, wanda bai samu ba ya kafa bukka inda ya ga dama. Sai ofishin filaye na En'e, hukumar gari ta lokacin, ya ce a yanka sabuwar unguwa a bayan gari, aka ɗora wa Malam aikin.

Abu biyu ya kafe a kai. Na farko, filayen ƙanana ne, waɗanda lebura da mai facin keke za su iya ginawa a hankali. Masu hali suka yi ta zuwa gida suna neman ya haɗa musu huɗu wuri ɗaya. Ya ba su tabarma, ya ba su ruwa, ya ce, "Alhaji, in na haɗa, mutum ɗaya na rufa wa asiri. In na bari, mutum huɗu." Na biyu, hanyoyin unguwar faɗi ya ba su. Mutane suka riƙa tsokanarsa, wai ko jirgin sama zai sauka ne, alhali ko mota ɗaya ba mai ita a cikinmu. Shi ma dariya yake yi, ya ci gaba da kafa turakunsa.

Mu ma muka samu fili muka gina ɗaki biyu. Nawa ne mai kyaun. Ƙawayena suka yini suna daɓe suna waƙa, aka shafa makuba, na jera kwanukana har kusa da rufi. Ban taɓa mallakar abin da na so kamar ɗakin nan ba.

Da damina ta sauka sai ruwa ya nuna mana abin da taswira ba ta nuna ba. Ya gangaro daga tudu ya faɗa gidajen da ke ƙasa. Katangar Bawa, wani Bakambare daga Salka, ta zube. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, mutuniyar Rijau mai sayar da ƙosai, ruwa ya shiga rumbunta. Malam ya naɗe ƙafar wando ya bi ruwan tun daga inda ya taso har inda ya tsaya. A taron da aka yi a ƙofar mai unguwa ya miƙe ya ce laifinsa ne, da rani ya yi awo, bai tambayi tsofaffin da suka noma wurin ba. Maganin shi ne a haƙa lambatu, kuma dole ya ratsa gida biyar. A cikinsu akwai na Alhaji Ɗanbaba dillalin hatsi, akwai namu.

Alhaji Ɗanbaba ya ce, a gaban kowa, "Ranar da ka rushe naka, zan rushe nawa." Ya faɗa ne don ya tabbata ba za a yi ba.

Bayan la'asar Malam ya shigo ya zauna a bakin ƙofata, yana ta juya hularsa a hannu.

"Malama, alfarma nake nema."

"Ta me?"

"Ɗakinki."

Na ɗauka baƙi za mu yi. Da na gane, na ce, "Duk faɗin Kontagora, ruwan nan bai ga hanya ba sai ta kan gadona?"

Ya ce, "Na tambaye shi, ya ce nan ya fi so."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na danne ta na fashe da kuka. Kwana uku ban yi masa magana ba. Ya ce ba zai taɓa ko tubali ɗaya ba sai na yarda, in kuwa ban yarda ba zai koma taro ya faɗa cewa ya kasa. Na san abin da hakan ke nufi: ba wanda zai ƙara matsar da katanga don ya ce a matsar.

Rana ta huɗu na leƙa gidan Maman Rifkatu. Na same ta ta baza dawa a tabarma, rabinta ta tsiro, littattafan yaranta, waɗanda ni nake koyarwa, suna shanye a kan dangar kara. Ba ta ɗaga mini maganar ba ko kaɗan. Kujera ta ba ni, ta ce in yi haƙuri ba ƙosai yau, wake ya sha wanka. Na dawo gida na fara sauke kwanukana. Na ce wa Malam sharaɗi ɗaya ne, ni zan fara sara. Ya miƙo mini diga. Na ɗaga da ƙyar na kafta wa bangon da na fi so a duniya, matan unguwa suna leƙe ta katanga. Alhaji Ɗanbaba ya zo ya tsaya, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Malama, kin ɗaure ni." Kafin azahar leburorinsa sun fara kan tasa katangar.

Gayya aka yi. Masu zuwa coci suka ɗauki Asabar, mu muka ɗauki Lahadi, kafin a ankara kowa na zuwa duka ranakun biyu saboda tuwon ya yi daɗi. Bawa ya kirawo danginsa daga Salka da manyan garmuna da kiɗansu. Ban taɓa ganin haƙa irin tasu ba. Da aka gama lambatu ba su watse ba, suka kwaɓa ƙasa suka tayar mini da sabon ɗaki a ɗaya gefen gidan, Alhaji ya aiko da kwanon rufi. Ruwan da ya biyo baya kuwa, duk unguwa muka tsaya a bakin zauruka muna kallonsa yana bin hanyarsa salin alin. Maman Rifkatu ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Neja Malam ya yi murna irin ta ma'aikaci: takarda ta daina tafiya Sakkwato, Minna ta fi kusa. Ya yi ta zarya har sai da aka sa mana kwalbati a bakin titi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kontagora ta yau. Na san zai tsaya ya daɗe yana kallon manyan motoci na wuce juna a hanyar da aka ce ta jirgin sama ce, kuma zai nemi wanda zai tsokana. Zai ji daɗin ganin jikokin Bawa da na Maman Rifkatu a gidajen da kakanninsu suka gina ɗaki ɗaya-ɗaya. Amma zai ɓata rai da ledar da ta toshe magudanai, da shagunan da suka ci rabin hanya, da sababbin unguwannin da aka fara gini kafin a yanka titi. Haya kuma ta fi ƙarfin sabon ma'aikaci, balle wanda ya baro ƙauye. Da yana nan zai ce garin da ke girma ba abin tsoro ba ne, a dai riga shi zuwa wurin da igiyar awo, a kuma tambayi tsofaffi inda ruwa ke bi.

Bai bar mana gidan bene ba, ba kuma titin da aka sa wa sunansa. Amma bara wasu iyalai suka taso daga wajen garin Kasuwan Garba saboda rashin zaman lafiya, mai unguwa ya bi gida-gida yana neman ɗakuna, aka kuma samu, don har yanzu unguwar ta masu ƙaramin ƙarfi ce da suka san zafin rashin wurin kwana. Ni ma na ba wata baiwar Allah da 'ya'yanta uku ɗakin baya. Wata safiya muna tsintar shinkafa ta ce, "Hajiya, da na ga tsarin unguwar nan na ɗauka ta manya ce, na ji tsoron shigowa."

Na ce mata ta leburori ce da direbobi da masu ƙosai.

Ta ce, "To wanda ya yanka ta, ko wane ne, Allah ya yalwata masa kabarinsa."

Na ce amin. Ban gaya mata mijina ba ne. Na bar masa addu'ar nan yadda ta zo, daga bakin da bai san shi ba.