Ranar da Na Wanke Tsakar Gida

Tun da Baba ya rasu Inna take hannuna. Mu biyu ne kaɗai 'ya'yanta da suka rayu, ni da autarta, kuma ni ce babba, don haka babu wanda ya yi musu ranar da maigidana ya fitar da keken ɗinkinsa daga ɗakin da ke kusa da rijiya ya ce, "Nan ne ɗakin Inna." Ni nake dama mata kunu, ni nake tsefe mata furfura ranar Alhamis, ni nake sanin ciwon ƙafarta tun kafin ta faɗa. In aka haɗu a gidan suna aka tambayi inda tsohuwa take, aka ce tana wajen babbar, sai in ji kaina ya ƙara tsawo. Ƙanwata tana aure nan kusa da mu a Rafin Guza, layin da ke bayan injin markaɗe. Takan leƙo ta gaishe da Inna, ta cinye mata ragowar tuwo, ta tsokane ta, ta tafi. Riƙo dai nawa ne, kuma ban taɓa tunanin akwai abin da zai raba ni da shi ba sai mutuwa.

Riƙon tsoho kuwa ruwa yake ci. Shekaru sun kai Inna inda shimfiɗarta sai an wanke kullum, ga ta da tsantseni, ba ta sallah da zanen da take kokwanto a kansa. Muna da famfo a tsakar gida, amma ya fi zama marataya ta buta. Yakan tuna da mu jefi-jefi, ya yi tari, ya tofar da ruwa ja rabin bokiti, ya koma barcinsa. Rijiyarmu da damina kamar kunun kanwa, sai ruwan ya kwana a bokiti kafin laka ta kwanta, da bazara kuma guga sai ya dawo da yashi. 'Yan garuwa ba sa son layinmu saboda kurarsu tana maƙalewa a kwata. Haka na iya juya ruwa: na ɗauraya ya koma wankin tsumma, na wankin tsumma ya koma bayi.

Wata rana Malam, wato maigidana, ya dawo daga sallar la'asar da saƙo. Mai unguwa ya sanar cewa ma'aikatan ruwa za su bi gida gida su duba famfuna da bututu da rijiyoyi, don a san inda ya fi buƙatar gyara. Ya ce a karɓe su da mutunci, kada a ba unguwa kunya.

Inna tana zaune a bakin ƙofarta da carbi. Ta ce, "To, kin ji. Baƙi ne. Baƙo ba ya ganin gindin randarki, ko da ke da ƙishirwa za ki kwana."

A kan wannan magana muka tashi, kuma ba mu kaɗai ba, duk matan layinmu haka suka fahimci saƙon. Kafin ranar, babu ɗan garuwar da bai sha lallashi ba. Na cika duro biyun da muke da su har baki, na cika randa. Da safe na share tsakar gida, na kuma wanke ta da omo, abin da ban yi ba tun ƙaramar sallah. Da yake magudanar tana gindin famfo, duk ruwan can ya gangara ya kwanta. Shi kansa famfon na sauke masa butocinsa, na goge shi da toka da lemon tsami har ya riƙa ƙyalli. Rijiya na rufe ta da murfi na ɗora tukunya a kai. Inna ta dubi gidan ta ce, "Yauwa. Yanzu kika zama 'yata."

Su biyu suka zo wajen hantsi. Namijin ya tsaya a zaure da Malam, macen ta yi sallama ta shigo, yarinya ce mai fara'a, ta ɗora wata riga mai ratsin ƙyalli a kan hijabinta, da babbar waya a hannu. Na shimfiɗa mata darduma. Na riga na farfasa ruwan leda na juye a jug ɗin da nake ajiyewa don surukai, na jefa ƙanƙara. Ta sha kofi guda ta ƙara.

"Kai, Mama, ruwanku da daɗi."

"Alhamdulillahi," na ce.

"Famfon yana kawowa?"

"Yakan kawo."

Ban yi ƙarya ba, Allah shaida ne, yakan kawo ɗin. Ta tashi ta murɗa shi, bai ce komai ba. Ta dubi simintin da ke jiƙe a gindinsa, ta dubi duro biyu a cike, ta ce, "Yau ba ranarku ba ce ke nan." Na buɗe baki zan yi bayani, sai muryar Inna daga bakin ƙofa: "Mun gode Allah, jikata. Wasu ko haka ba su samu ba." Sai na rufe bakina. Yarinyar ta tambayi rijiya, na ce muna wanki da ita. Ta ɗauki hoton famfon yana ƙyalli, ta danna abin da za ta danna a wayarta, na ƙulla mata soyayyar gyaɗa, muka rabu tana ta godiya.

Da yamma ƙanwata ta shigo tana dariya tun daga zaure.

"Yaya, mutanen ruwa sun zo muku? Ni ai na gama da su. Ruwan rijiya na ɗebo a gora na dangwara mata a gaba, na ce ga abin da muke sha, bismillah."

"Baƙuwa kika ba wannan ruwan?"

"Ta ƙi sha ai. Na ja ta gindin famfo na ce ta kasa kunne, iska kawai yake busawa kamar sarewa. Na nuna mata farin kayan makarantar yara da suka koma kalar shayi. Maƙwabta na jin muryata suka fito, kowa da gorarta."

Inna ta tafa hannu. "Innalillahi! Auta, kin tona wa mijinki asiri a gaban baƙi."

"Inna, mijina walda yake yi, ba shi ya ƙera bututun gwamnati ba."

Ni ma na yi mata faɗa sosai ranar. Na ce mace mai kunya ba ta tallar rashinta. Ta dubi tsakar gidana da bai gama bushewa ba, ta ce, "Yaya, wai biki kika yi ne?" Muka yi dariya mu duka, har da Inna.

Bayan damina ta ɗauke sai ga masu haƙa da diga da shebur, ga mota ta sauke baƙaƙen bututu a bakin titi. Rami ya taso daga babban layi, ya bi ta ƙofar su ƙanwata, ya zo daidai injin markaɗe, ya tsaya. Kullum in za ni markaɗe sai in duba ko ya matso. Bai matso ba. Malam ya je ya sami shugaban masu aikin, ya dawo ya zauna a kan turmi bai ko cire hula ba. An ce masa bisa abin da masu dubawa suka gani, layinmu yana samun ruwa, gyara kaɗan yake so, sai zagaye na gaba. An fara da waɗanda ba su da shi sam.

Ranar da ruwa ya zo wa su ƙanwata ina tankaɗe na ji guɗa ta tsallako katangu. Bakina ne kawai ya ce Masha Allah. Na je taya ta murna, na tarar ta saki famfo a kan ƙafafunta tana wasa da yatsu, ruwa fari tas yana bin magudana yana fita waje, babu mai tare shi da ko kwano. Idona bai bar wannan ruwan da ke tafiya a banza ba har na fito.

Daga nan komai nata ya riƙa tsone mini ido. Ta shuka zogale da alayyafo a bayan ɗaki. Ta wanke labule ranar da ba sallah ba. Fararen kayan mijinta a kan igiya har kashe ido suke, na Malam kuwa duk bular da zan zuba sai sun fito kamar an jiƙa su da goro. Kan famfonta ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, ta ce za a gyara in an samu sarari, muna hira ina jin ɗigar nan a tsakiyar kaina. Yarinyar da na goya, wadda har ta yi aure ba ta iya tuƙa tuwo babu gudaji ba. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya a kaikaice, na ce wata ce ta aiko ni. Ta ce in dai mutum ba ya fatan ni'imar ta bar ɗan'uwansa, yana son irinta ne kawai, ba hassada ba ce. Na dawo gida ina auna zuciyata. Yawancin ranaku irinta nake so. Amma akwai ranar da aka ce bututunsu ya fashe, na ji wani sanyi ya ratsa ni kafin in kai ga cewa Allah ya kyauta, na yi ta istigfari har magariba.

Ba ta hana ni ruwa ba, kada in zalunce ta. "Yaya, ki zo ki ɗiba mana, famfon naki ne." Nakan je da jarka in ɗoro a ka, har bayana ya fara ƙara. Ta ce in riƙa kawo wankin Inna can. Wannan kam na ƙi. In ɗauki shimfiɗar mahaifiyata a baho in ratsa majalisar mazan da ke bakin injin markaɗe?

Bazarar da ta biyo baya ta yi tsanani. Rijiya ta ƙafe ƙaf. Na lura Inna ta daina shan kunun yamma, ta ce ya ishe ta. Ruwa ma sai ta kurɓa ta ajiye. Leɓɓanta suka bushe, ƙuraje suka feso mata a baya. Na yi ta tunanin ciwo ne, har wata azahar na fito daga kicin na gan ta ta juya baya tana buga tafin hannu a jikin katanga tana shafa fuska. Taimama take yi, ga butarta a cike a gefe.

"Inna, ga ruwa fa."

"Bar shi, kya yi miya da shi. Na ga yadda kike tafiya jiya, kamar mai naƙuda."

A nan na gane kunun ma don kada in yi wanki ta bar shi.

Ƙanwata ta zo washegari ta ga bayan Inna lokacin da nake shafa mata hoda. Ba ta yi dariya ba ranar. Ta ja ni kicin.

"Yaya, ki ba ni Inna."

"Kin ci ruwa, yanzu kuma uwar za ki haɗa?"

"Uwata ce ni ma."

"Kin san awa nawa kununta yake yi a jiƙe? Kin san ƙafar da ake fara matsa mata?"

"Ki koya mini. Ke kin iya komai, ni famfo gare ni."

Na so ta faɗi wata magana marar daɗi in samu abin riƙewa, ba ta faɗa ba. Na kwana biyu ina neman hujja. Na ce wa Malam ɗakin can yana da zafi, yaranta suna da ƙiriniya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duk gaskiya ne. Amma tsohuwa tana taimama ga buta a gabanta."

Da hannuna na ninke mata zannuwa. Aka kira keke mai ƙafa uku har ƙofar gida duk da tafiyar ba ta kai a hau abin hawa ba, na riƙe butarta da carbinta a cinya. Ƙanwata ta gyara ɗaki, har da sabuwar leda a ƙasa, na duba ko'ina ban samu abin kushewa ba, wannan ma ya ba ni haushi. Ranar Inna ta yi wanka sau biyu. Da yamma ta shanye kunu kofi guda, wanda auta ta dama, da gudajinsa da komai.

Yanzu kullum da hantsi nakan tafi gaishe ta da jarka a hannu. In je da ita wayam, in tsefe wa Inna kai in ranar ce, in dawo da ita cike. A gidan suna in aka tambayi tsohuwa, sai a ce tana wajen ƙaramar, ni kuma in sunkuya in gyara ɗaurin zanena. Ɗakin da ke kusa da rijiya ban bar Malam ya mayar da keken ɗinkinsa ba. An ce akwai zagaye na gaba.

Kwanan baya ina matsa mata ƙafa, famfon auta yana ta ɗigarsa a waje, Inna ta ce, "An ce masu duba ruwan nan za su sake zagayowa?"

"Haka ake faɗa, Inna."

Ta ja carbi kaɗan. "In sun zo ki ba su ruwa mai kyau su sha, baƙi ne."

"To, Inna."

"Amma kada ki wanke tsakar gida."