Kilo Biyu a Hannun Kawu

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina ofis ina tace hotunan wani taro da babu wanda zai tuna da shi, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar, na ƙarasa zaɓen hoton da nake kai, saboda shafin jarida yana jira. Bayan nan na tashi na rufe ƙofa.

Kawu, kai ƙanen mahaifiyata ne, kuma ka yi shekara talatin da ɗaya kana ɗaukar hoto a jaridar da nake aiki. Ni ce mai kula da teburin hotuna, wato a takarda ni ce shugabarka. A bakinka kuwa 'yar boko nake, tun ranar da na dawo daga jami'a da digirin aikin jarida alhali ban iya riƙe kyamara ba.

Kowa ya san ka da dogon gilashin nan mai jawo abin da ke nesa, wanda nauyinsa ya kai kilo biyu ba a sa kyamarar a lissafi ba. Sauran masu hoto suna ɗora irinsa a kan ƙafa uku, ko a kan sandar ƙarfe mai ƙafa ɗaya. Kai da hannu kake riƙe naka. Kana cewa kafin mai ƙafa uku ya gama warware kayansa, abin da aka zo ɗauka ya gama faruwa har ya koma gida.

A bayan ofis, wurin ajiye motoci, ka koya mini riƙonsa. Hannun hagu a ƙarƙashin gilashin, shi ne mai ɗaukar kaya, na dama aikinsa latsawa kawai. Gwiwoyin hannu su manne da haƙarƙari, ƙafar hagu ta ɗan yi gaba. A saki rabin numfashi, a tsaya, sannan a latsa. In akwai bango ko mota ko bishiya, a jingina, babu abin kunya a ciki. Kuma kada a taɓa ɗaga shi ta jikin kyamara, wuyanta zai karye. Na yi minti biyu hannuna ya fara kuka. Ka karɓe abinka ka ce in koma in ci gaba da rubutu, biro ya fi dacewa da ƙarfina.

Bakinka ke nan, amma hannunka daban. A filin wasa, in duk masu hoto sun ruga wajen wanda ya yi nasara, kai sai ka juya gilashin kan wanda ya zo na ƙarshe, ka wanke hoton ka aika masa. Wata mai hoto daga jaridar da muke gasa da ita ta gaya mini a wurin zaman makoki cewa ranar da wuyan hannunta ya kumbura, ka matsa mata ta jingina da bangon da ka riga kowa kamawa, ka koma tsakiyar rana ka tsaya. Ba ka taɓa faɗa mana ba. Sai dai dogon gilashi yana da halinsa, yana ajiye mai shi a gefe. A kowane taro kana can ƙarshen fili kai kaɗai, kana ganin gumin goshin mutumin da bai san kana wurin ba. Ko ranar da aka yaye ni daga jami'a, sai da hotunan suka fito na tabbatar ka zo.

Abin da ya shiga tsakaninmu lambobi ne, kuma ina son in rubuta shi yadda ya faru.

Kowane hoto yana zuwa teburina da bayanin saurin ƙiftawar da kyamara ta yi. Mai riƙe dogon gilashi da hannu dole ya sa ta ƙifta da sauri, don ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya mayar da hoto dishi-dishi. Shekara da shekaru lambarka ɗaya ce, ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa. Shekara huɗu da suka wuce sai ta fara hawa. Ta koma dubu ɗaya, daga baya dubu biyu, a kan mutumin da ke zaune a kujera yana karanta jawabi. In ƙiftawa ta yi sauri haka, haske ba ya shiga sosai, sai hoton ya fito kamar an watsa masa yashi. Kana kawo hoto ɗari uku in tsamo uku. Ka daina shan shayi a ofis, hannunka na hagu ya koma zama a aljihu. Ban buƙaci likita ya gaya mini hannunka ya fara rawa ba.

Da edita ya tambaye ni dalilin yashin nan, na ce zauren taron ba shi da haske. Wata goma sha ɗaya ina ɗora wa zaurukan garin nan laifi. Na san ranar da ya gano gaskiya aikinka ya ƙare, kuma na san ba ka da wani wurin zuwa da safe in ba nan ba.

Daga nan na yi abin da mai digiri take yi. Na yi bincike, na kwatanta, na samo mafita. Na karɓo sandar ƙarfe mai ƙafa ɗaya daga ɗakin kayan aiki, na ajiye a kan teburinka da safe, a gaban kowa. A tunanina in na yi shi kamar ba komai ba, kai ma za ka ɗauke shi ba komai ba. Ka daɗe kana kallonta.

“Tun yaushe kika sani?”

“Tun da lambobinka suka fara hawa, Kawu.”

“Ashe ba hotunana kike kallo ba. Lambobi kike karantawa.”

Ƙarshen watan ka ajiye aiki. Ka hana a yi maka taron bankwana, ka ce babu wanda zai iya ɗaukarsa yadda ya kamata. Na yi ƙoƙarin tsare maka aiki, sai na zama wadda ta sanar da ɗaki guda abin da ka yi shekara kana ɓoyewa a aljihu. Bayan haka ina zuwa gaishe ka, kana amsawa da kyau, kana tambayar lafiyar mahaifiyata da yanayin hanya. Ko sau ɗaya ba ka sake ambaton hoto a gabana ba. A ofis kuma na rasa wanda zai raina ni yadda ya dace, kowa sai ladabi.

A watan Janairun bana na zo, matarka, Innarmu, ta ce kana sama, wurin taga. Ta ce kullum a can kake wuni, gilashin a cinyarka, ba ka iya ɗaga shi kuma ba ka yarda a ajiye shi. Na same ka ka rame. A ƙetaren titi akwai wani tsohon tela da ke aiki a bakin shagonsa, ka ce wata uku kana son ɗaukarsa lokacin da yake zura zare a allura. Sai ka ce in zo in tsaya a gabanka, in ba ka baya, in ɗan rage tsawo. Da kyar ka ɗaga gilashin da hannu biyu ka ɗora a kafaɗata. Na ji nauyinsa har ƙashina. Ka ce in saki rabin numfashi, in tsaya. Na ji ka latsa sau uku.

Ka duba bayan kyamarar, sannan ka ce, “Dishi-dishi ne. Amma wannan karon ba ni ba ne, 'yar boko. Kafaɗarki ce ke rawa.”

Gaskiya ka faɗa. Ban juyo ba, don ba na son ka ga fuskata. Ka ce in share hawayena in sake tsayawa, telan nan ba zai zauna yana jiran mu ba. Muka sake, har sau tara, kafin ka ce wannan ya yi. Ba ka ce ka yafe mini ba, ni ma ban nemi ka faɗa ba. Na sauko kafaɗata tana ciwo, kuma rabon da in ji sauƙi irin na ranar an yi shekaru.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda za ta riƙa hawa sama ta tarar da kujera babu kowa, da 'ya'yanka biyu da jikokinka, da mahaifiyata, wadda kai ne na ƙarshe cikin waɗanda suka san ta tun tana yarinya. Allah Ya ba su haƙurin da ni ban iya ba su ba.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya sauke maka duk wani nauyi da ka ɗauka kai kaɗai, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.