Shirun da Lawali ya bari a kaset ɗin Maradun

Shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki Lawali daga gidansu a Talata Mafara muka kai shi makwancinsa. Ciwon hanta ne. Ya yi jinya a kan gadonsa, ya cika da hantsi iyalinsa na kewaye da shi. A lokacin mun ɗauka rashi muka yi irin na kowa. Yanzu da mutuwa a kan gado ta zama abin da dangi ke yi wa Allah godiya a kai, nakan ce Lawali ya san lokacin tafiya, kamar yadda ya san lokacin komai.

Abokina ne tun muna firamare. Ni na ƙare a aji ina koyar da yara, shi kuwa, da yake ɗan gidan mahauta ne, ya zama malamin dabbobi, yana bin kasuwanni da rugage yana duba shanu da yi musu allura. Aikin nan duk a kan keke ya yi shi, wani baƙin keke irin na da, mai nauyin ɗan maraƙi, mai birkin ƙarfe da sirdin fata. Babur ya shigo, kowane ƙaramin ma'aikaci ya saya, Lawali ya ce shi ba zai hau abin da ya fi shi surutu ba. Takalmin hawan kekensa kuwa labari ne mai zaman kansa. A wata tsohuwar mujalla ya ga hoton masu tseren keke na ƙasashen Turai, ya yago shafin ya kai wa wani baduku a bakin kasuwa. Aka ɗinka masa baƙin takalmi siriri mai igiya, an huhhuda samansa kamar matankaɗi, ƙasansa tauri kamar allo. A kan feda ba kamarsa. In ya sauko ƙasa, tafiyar agwagwa yake yi, yaran unguwa na biye da shi suna kwaikwayo.

Sai kiɗan. Direbobin manyan motoci da ke kai shanu kudu su suke kawo masa kasa-kasai na wani kiɗan inji, bugu ɗaya tak da ba ya gajiya ba ya sauyawa, can sai wata mace ta faɗi kalma biyu ta yi ta maimaita su kamar ɗalibar da aka sa hadda. Ya ce masu shi suna kiransa haus. Mu kuwa a nan duk kiɗan da babu kalangu a ciki sunansa disko. Na taɓa ce masa injin niƙan unguwarmu ya fi wannan ma'ana, don shi ko ba komai yana fitar da gari. Ya ce, “Malam, kai da kunne kake saurare. Wanga kiɗi na ƙahwa na.” Gaskiyarsa. Bugun daidai yake da juyin feda.

Yana da rikoda mai cin kaset biyu. Da ita yake tsinto kiɗa daga nan da can ya jera a sabon kaset, kowane kaset da hanyarsa: akwai na Bakura, akwai na Damri, akwai na Jangebe, na Maradun kuwa har biyu ne saboda nisa. Ya ɗaure wata ƙaramar rediyo a kariyar keken da tsohon tib na taya, ya danna ta a ƙofar gidansa, ya taka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wani abu da yake yi wa kasa-kasan nan wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba. Tun da saurinsa a kan keke na bin bugun kiɗan, ya san daidai inda zai kai a kowane wuri na kaset. Don haka tun a gida yake barin gurbi babu sauti. Yana isowa inuwar da dattawan wani ƙauye ke zama, kiɗan ya ɗauke da kansa. Ya sauko ya tura keken, ya yi sallama, a yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, yaya ruwa, yaya bisashe, har ya wuce su ya hau, sannan bugun ya dawo. Haka a gaban masallaci, haka a gefen maƙabarta. Gurbin kowane wuri daidai tsawon gaisuwar mutanensa. Na tambaye shi me zai hana ya miƙa hannu ya kashe kawai. Ya ce wanda ya yi zumbur ya kashe rediyo don ya hango manya, ya nuna abin kunya yake yi. Shi so yake kiɗan kansa ya zama mai tarbiyya.

Ba kullum lissafin ke fita ba. Wata rana ina biye da shi a nawa keken, garken shanu ya tare mu a hanyar kanal, magudanar ruwan noman rani, muka makara. Shirun ya zo mana a tsakiyar gonakin shinkafa inda ba kowa sai balbela, matar nan ta cikin kiɗan kuma ta ɓarke da haddarta daidai lokacin da Lawali ya durƙusa gaban wani limami. Liman ya bari har aka gama gaisuwa, sannan ya ce, “Malamin dabbobi, baƙuwar taka ba ta gaishe mu ba.” Lawali ya yi makonni ba ya son a tayar da zancen.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga hanyoyin nan yau. Hanyar da yake bi shi kaɗai da rediyo tana shelar zuwansa, yanzu mai mota ma sai ya tambaya, ya sake tambaya, ya bar wasiyya. ’Yan bindiga sun koya mana wani sabon ladabi: a kashe waya, a rage murya, kada a tsaya gaida kowa. Shanun da yake yi wa allura an kora su daji. Wasu daga cikin ƙauyukan da yake sauka sun tashi, mutanensu na nan cikin gari a kangwaye da shagunan da ba a gama ba. Na karantar da yara labarin ƙasa shekaru masu yawa, ina zana musu taswira a allo, ban taɓa gaya musu cewa gari na iya fita daga taswira mutanensa na raye ba, don ni ma ban sani ba. Ina jin da Lawali na nan, gaban rikodarsa zai nufa. Zai zauna ya rasa inda zai sa gurbi, don ba a san inda za a tarar da mutane ba, kuma ba a san ko waɗanda aka tarar na gaisawa ne ba.

Keken na zaurena, takalman na rataye a kansa, fatar ta bushe ta tattare. Kasa-kasan kuwa suna hannun babbar ’yarsa Saratu, wadda ke aure a Gusau. Kwanakin baya ta zo min da murna. Ta ga zarensu ya fara cinyewa, sai ta kai ɗaya daga cikin na Maradun wurin masu tura waƙoƙi a waya, suka juye mata shi. Ta kunna min. Kiɗa ne tiryan-tiryan, bugu na bin bugu, babu numfashi.

Na ce, “Ɗiyata, ina wuraren da yake yin shiru?”

Ta ce, “Ai Baba, mai shagon ya gyara. Ya ce kaset ɗin ya lalace wuri-wuri, sai ya yanke da kwamfuta. Bai ma karɓi ko sisi a kan gyaran ba.”

Ban ga laifinta ba, ban ga na mai shagon ba. Mutumin kirki ne, ya ga rami ya cike. Na aika aka ɗauko tsohuwar rediyon, muka sa batir, ta miƙo ainihin kaset ɗin da ta zo da shi, na juya zaren da biro, muka zauna a zaure bayan la'asar ina gaya mata. Shiru na farko maƙabartar bayan gari ce. Na biyu masallacin bakin kanal, inda liman ya yi masa ba'a. Na uku wata ruga ce da ake ba shi nono. Tana ji tana share ido da bakin mayafi. Sai muka zo wani shiru mai tsawo, wanda ya fi duk sauran, na buɗe baki na rasa sunan wurin. Na bi hanyar nan da shi ba sau ɗaya ba. Na rufe ido ina neman itace ko rijiya ko fuska, babu. Hanya ɗaya ce ta ganewa, a hau keken a ƙofar gidansa a taka da bugun har inda ya ɗauke. Ni gwiwa ta ƙare, kuma ko da tana nan, ba wanda zai bar ni in fita. Ga zaren kuma duk juyi ɗaya ƙara sirancewa yake. Na ga abin da ke jiranmu: ni in manta, kaset ya tsinke, a bar wa jikokinsa kiɗan da ba ya tsayawa gaida kowa.

Muna cikin haka aka yi sallama. Malam Mamman ne, wani dattijo da ya yi gudun hijira da sauran iyalinsa, suke zaune a kangon da ke kallon gidana. Mun fi shekara muna gaisawa, ban taɓa tambayarsa ainihin ƙauyensu ba, don irin tambayar nan yanzu tana da nauyi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon keken.

Ya ce, “Malam, wanga kiɗi na jiyo. Ba na malamin dabbobi ba na, mai takalmin ramu?”

Na ce shi ne, ga ’yarsa. Suka gaisa, ya yi wa marigayin addu'a. Na gaya masa inda muka maƙale. Ya ce in mayar baya kaɗan. Na mayar. Ya sunkuyar da kai yana saurare, da bugun ya zo wani wuri sai ya ɗaga yatsa.

“Nan muka jiyo shi tun daga gangare. Yara su sheƙa su ce ga mai disko nan. In ya kawo ga tsamiya sai abin ya yi tsit.” Kiɗan ya ɗauke. Ya ce, “To, mu na. Tsohona ba ya ji sosai, komi sai an hwaɗi mishi sau biyu. Shi ya sa namu ya hi tsawo.”

Zaren na ta juyawa, ba abin da ke fita sai huci. Ba wanda ya tambaye shi komai. Sai na ji dattijon nan, idonsa a kan rediyo, yana amsawa a hankali, yana barin tazara tsakanin amsa da amsa.

“Lahiya lau. Ba gajiya. Gida lahiya. Iyali lahiya lau. Ruwa sun yi gyara. Bisashe suna nan ƙalau.” Ya ɗan dakata. “Sai alheri. A sauka lahiya, malam.”

Yana rufe baki bugun ya dawo.

Babu ko ɗaya a cikin amsoshin nan da ya rage gaskiya. Gidan babu, bisashen babu, tsohon da ake maimaita wa gaisuwa ya rasu a hanyar gudu, tsamiyar ce kawai Malam Mamman yake zaton tana nan. Amma awon Lawali bai kuskure ba ko da numfashi ɗaya.

Saratu ta ce za ta mayar a sake juyewa, a bar komai yadda yake. Na ce ta yi. Ban gaya mata abin da ke raina ba, cewa shirun da ba a san na wane ne ba, lalacewar kaset ne kawai, kuma mu da muka sani ba mu da yawa, ba kuma ƙaruwa muke ba. Akwai sauran kasa-kasai, na Bakura da na Damri da na Jangebe, cike da gurabe, ban san a wane kango masu su suke ba.

Abin da ya rage na abokina ke nan. Bai gina gida ba, bai bar suna a jikin wani bango ba. Ya auna tsawon gaisuwar mutane ya ajiye musu wurinta, yana ganin kullum za a same su a inda ya bar su. Allah ya jiƙan Lawali, ya sa inda ya sauka an amsa masa sallama.