Ranar da Harouna Ya Kai Motar Gari Tsere

Duk mai bin hanyar Guci zuwa Dungass ya san Harouna. Gajere ne mai baki, amma in ya riƙe sitiyari ba a ja da shi. Ya daɗe yana jan motar ƙauyensu, wata tsohuwar mota fara da 'yan garin mazauna Kano suka aiko don kai marasa lafiya likita. Bai taɓa kafewa a yashi ba. Dabararsa ɗaya ce: kafin ya tashi sai ya rage iskar tayoyi su yi laushi, motar ta bi rairayi salin-alin.

To, yabo ya hau masa kai. Bayan girbi samarin Magaria suka share wani busasshen fili, suka jera tsofaffin tayoyi, wai ranar Lahadi duk mai mota ya zo a gwada gudu. Abokansa na tasha suka yi ta zuga shi, in ya isa ya je. Gogan naka ya ce wa mai gari zai kai motar a duba birki. Alhali ya san Hinda, matar maƙwabcinsa Manu, cikinta ya tsufa, kuma ungozoma ta ce kada a kuskura ta haihu a gida.

A filin, hannu ya yi abin da ya saba: ya tsuguna ya rage iska. Wani makanike ya ce masa nan ba yashi ba ne, ƙasa ce mai tauri kamar daɓe. Harouna ya ce tun makaniken yana rarrafe yake tuƙi. Kwanar farko lafiya lau. A ta biyu tayar gaba ta suɓuce daga ƙarfenta, motar ta kifa hanci, ƙafarta ta gaba ta karye. Ana cikin yi masa dariya wayarsa ta yi ƙara. Manu ne, naƙuda ta taso.

Ya haye babur ɗin kabu-kabu ya tarar da su a hanya. Hinda na kwance a amalanken shanu, mata biyu na tare mata rana da zane. Ya ce motar ta lalace, bai ƙara ba.

Manu ya kama hannunsa. "Sannu, Malam Harouna. Gara da ka kai ta aka duba, da da mu za ta lalace."

Kunya ta hana Harouna ɗaga ido. Ya karɓi igiyar shanun ya wuce gaba, a ƙasa har likitar Dungass.

Hinda ta sauka da ƙyar, ita da jaririyar suka rayu. Kafin ranar suna gaskiya ta iso ƙauyen, mai gari ya karɓe makullin motar ya ba wani. Manu bai taɓa tayar da zancen ba, kullum sai ya gaishe shi ta kan danga. Harouna kuwa ya canja ƙofar gidansa, yanzu ta baya yake fita.