Kujerar Yaya Hamisu da Yaƙin Masu Shayi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hamisu a nan Riyadh, amma bana ne karo na farko da na zauna rubuta waiwayensa ina dariya ni kaɗai. Akwai albishir, kuma shi ya fi kowa cancantar ji.

Malamin tarihi ne a gida kafin neman abinci ya mai da shi direban sito a unguwar Sulay. Duk Juma'a bayan la'asar muna cika ɗakinsa a unguwar Malaz, ya hau wata tsohuwar kujerar roba da muke kira karaga, ya shiga ba mu labarin sarakunan Ingila na da. Wanda ya fi so shi ne na gidaje biyu, jini ɗaya, masu alamar jan fure da masu farin fure, da suka yi ta karkashe juna a kan sarauta. Don labari ya yi armashi sai ya raba mu. Mai shan shayi ba madara ɗan gidan ja ne, mai zuba madara ɗan gidan fari. Alhaji Bala direban tirela ne jagoran ja, Isyaku tela kuma na fari. In aka kashe wani sarki a labari, har tafi ake yi.

Kullum Yaya yana cewa babban sakacin waɗannan sarakuna shi ne su mutu ba su daidaita maganar magaji ba. To, shi ma haka ya tafi ya bar mu, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in yi masa tsiya.

Bayan sadakar arba'in rigima ta tashi. Bala ya ce shi ne aminin farko, kujera tasa ce. Isyaku ya ce uwarsa da tamu 'yan ɗaki ɗaya ne, gado kuwa jini yake bi. Wasa ya zama gaba. Majalisa ta rabu biyu, ɗaya a Sulay, ɗaya a Malaz, har ta kai in an haɗu a masallaci gaisuwar ba ta wuce ɗaga hannu. Ni aka bar wa riƙon ƙwarya, na ɗora kujerar bisa kabad. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin wannan zama shi ne kaɗai abin da Yaya ya bari.

Ashe yara suna can suna nasu shiri. Anas ɗan Bala da Ruƙayya 'yar Isyaku, waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu, sun daidaita kansu. Da Bala ya so turjewa, ɗan ya ce masa, "Baba, halas, ya isa haka. Ba kai ka ce da aure aka kashe wancan yaƙin na sarakunan Ingila ba?" Sai Bala ya sakko, ya amince.

Makon jiya aka yi walima a wata istiraha, gidan biki na haya a bayan gari. Na sauke kujerar, na wanke ta, na dasa ta a tsakiyar fili. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallonta. Isyaku ya ce, "Alhaji, bisimilla." Bala ya girgiza kai, ya ce, "A'a, Malam. A ajiye ta, mai ita yana tafe. Jikanmu ne ba wanda zai yi wa gardama." Na yi murna har da hawaye.

Da Yaya yana nan, na san zai ce mun ɓata shekara tara kafin mu gane darasin da ya yi ta nanata mana. Sunayen sarakunan duk sun kwance mana, amma hanyar sulhun ta zauna har a kan 'ya'yanmu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Juma'ar nan majalisa za ta dawo ɗaki ɗaya, kuma Bala da kansa ya ce shi zai kawo madara.