Sunan Sagir Kawai Muka Ara

Shekara biyar ke nan da rasuwar Sagir, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a Muraqqabat muna karatu a Dubai. Ban taɓa rubutu a kansa ba, domin ina da hannu a ciki.

A shekarar ne mu ɗaliban Arewa muka kafa ƙungiyar ƙwallo ta farko a jami'armu, ni ne kyaftin. Mu sha ɗaya ne cif, ga dokar gasar da muka shiga sai da sunan mutum sha biyu. Sagir yana da sikila, ko gudu ba ya yi, amma na lallashe shi cewa sunansa kawai za mu ara. Haka ya yi kusan duk kakar a benci, yana riƙe mana ruwa, yana cewa ko awakin unguwarsu sun fi mu tsari.

Ranar wasan ƙarshe, mai tsaron bayanmu ya maƙale a kasuwar Naif wajen loda kayan kawunsa. Zafin ranar kamar bakin murhu. Na dubi Sagir, ya dube ni, na miƙa masa riga. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni da sanina na yi. Bai kai hutun rabin lokaci ba ya durƙushe. Kwanansa uku a asibiti, ya cika.

Yau ƙungiyar tana da koci da riguna masu suna, kuma ba mai shiga fili sai likita ya duba shi. Da Sagir zai gani, na san cewa zai yi an samu kaya, har yanzu ba a samu ƙafa ba. Ni kuwa ko usur na ji, sai in tuna ranar nan.

Abin da mahaifiyarsa a Kano ta sani shi ne a ɗaki ciwon ya tashi. Shi ya roƙe ni a gadon asibiti: "Kada ka faɗa wa Umma, za ta riƙe ka a rai. Ni dai sau ɗaya na buga." Duk Sallah sai ta kira ta sa mini albarka, in amsa da amin, kunya kamar ta kashe ni.

Abin da ya rage mini na Sagir ke nan: yana cikin ciwo, ni yake ƙoƙarin rufa wa asiri. Allah ya jiƙansa, amma na gaji da cin albarkar da ban cancanta ba. Umma, ba a ɗaki ba ne. A fili ne, kuma ni na ba shi rigar.