Rariyar Gwaggo

Shekara ashirin Gwaggona ta yi a ɗakin binciken ƙwari, har ake kiranta Mai Rariya. Aikinta tankaɗe gari ne. Takan ware ƙwarin da ke ciki, ta ƙirga ƙwan kowace mace, ta ajiye 'ya'yan waɗanda suka fi saka ƙwai su zama iri. Ko a gida ta ga ƙwaro a gari, a tafin hannu take fitar da shi, mijinta yana cewa, "A gaida mutanen ofis."

Ƙwai ya yi ta ƙaruwa. Wata rana ta ga ƙwarin suna zubowa ta ramukan rariya. Ta ɗauka rariyar ce ta buɗe, ta sauya sabuwa, suka sake zubowa. Ashe iyayen ne suka ƙanƙance.

Sai da shugaban ɗakin ya yi wata uku yana awo kafin ya yarda. Da ya zo yana mata bayani, ta gyara warwaron da ke zame mata a hannu.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "tara na haifa. Da ni ka fara tambaya."